Rijiyar da Ba Ta Karɓar Tayi

Na yi aikin akawu a ofisoshin gwamnati na Tanut har gashina ya yi fari, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne kada in sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba. Saboda haka zan bambanta tun farko: wani sashe na wannan labari daga bakin mai shi na ji, wani kuwa idona ne ya gani. Da za a ba ni zaɓi, da na so a ce duka ji na yi.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai kai faɗin akwatin ashana ba, cikinsa cike da ƙananan ƙafafu masu ruwan zinariya. Masu gyara suna kiransa furosesa, mu kuwa da ba mu san komai ba muna cewa ƙwaƙwalwa. Shi ke yin lissafi, kuma yana ɗaukar zafi ƙwarai, shi ya sa ake shafa masa wani farin mai a baya, a ɗora masa ƴar fanka. A ƙasa irin tamu ta Damargu, inda bazara ke gasa mutum a cikin inuwa, wutar lantarki kuma tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, ƙwaƙwalwa ba ta tsufa. Ranar da ta ƙone, ma'aikatar magajin gari ta daina ba da takardar haihuwa, mai aika kuɗi ya rufe tagarsa, masu tura waƙa a waya su koma zaman shan shayi.

Masu gyaran wannan kaya uku ne a yankinmu. Akwai Mato, dattijo, wanda ya fara kawo sana'ar Tanut. Akwai Lawali a garin Belbeji. Sai kuma Safiyanu, wanda Mato ya koya wa aiki, ya kuma ba shi auren ƙanwarsa Raishatu. Suna da wata al'ada a tsakaninsu: wanda ƙwaƙwalwa ta ƙare masa zai aika wurin ɗan'uwansa a aro masa, in tasa ta iso daga Damagaram ya mayar. Mu masu saye kuma muna da tamu al'adar. Ka je wurin Mato ya faɗi kuɗi, ka tsallaka titi ka ce wa Safiyanu, "Surukinka ya rage mini," ko da bai rage ba. Da ƙarya da gaskiya a hankali a sadu a tsakiya, a ce an sallama. Babu wanda ya yi arziki, babu kuma wanda ya kwana da yunwa.

Sai ƙwaƙwalwa ta fara tsada. Kowace tafiya Damagaram, a dawo da sabon farashi. Bayan na aje aiki nakan zauna a bencin ƙofar shagon Safiyanu, domin akwai inuwa, kuma ba a biyan kuɗin zama. Wata rana ya kashe rediyo, ya juyo gare ni.

"Baba Sabi'u, ka ji abin da suka ce? Kamfanonin da ke ƙera wannan abu a duniya ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. In ɗaya ya ƙara kuɗi, maimakon ɗayan ya rage ya janye masu saye, sai shi ma ya ƙara."

Na ce, "Wannan ai abin baƙin ciki ne."

"Ga mai saye," in ji shi. Ya ɗaga wata ƙwaƙwalwa yana juya ta a cikin haske. "Su ba wanda zai tsallaka musu titi. Ni kuwa ina nan, kowane mai tura waƙa yana yi mini barazana da Yaya Mato."

Na ɗauka ƙorafin ɗan kasuwa ne. Ashe darasi ya ɗauka, kuma ya fahimce shi fiye da yadda ya kamata.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya ba ni labarinsa daga baya. A cikin kwarin Tarka, can inda gonakin hatsi suka ƙare aka shiga ƙasar makiyaya, akwai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Buzaye da Fulani suna kewaye ta da dabbobinsu ko da hakan zai ƙara musu tafiyar yini. Wani mutum mai suna Dado ke zaune a bakinta. Ba ya ganin baƙo sai rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

Can Safiyanu ya nufa. Ya ce abin da ya fara lura da shi shi ne babu ƙuda. Ga ƙahonni da ƙasusuwan raƙuma zube, ga jini ya bushe a kan duwatsun bakin rijiyar har ya yi baƙi, amma ko ƙuda ɗaya. A gefe an jera kayan sana'a kamar an kasa a kasuwa: wuƙar mahauci, tiyar awon hatsi, almakashin tela, sikelin mai goro. Bayan su akwai mataccen gawo, an rataye masa layu da guraye da burgamai na fata, da garaya mai tsinkakkiyar tsirkiya, duk rana ta cinye su. Rijiyar kuwa tana fitar da iska mai zafi, a hankali, ta tsaya, ta sake fitarwa.

Dado ba shi da kamar abin tsoro. Tsoho ne mai tsabta, da farar riga, yana magana a hankali kamar mai kanti. Sai dai a wannan rana mai narkar da mutum, babu ɗigon gumi a fuskarsa.

Ya ce, "Kuɗi kake so?"

"Kuɗi na san hanyarsu. Kasuwa nake so a bar mini."

"Su nawa ne?"

"Biyu. Ɗayan shi ya koya mini aiki, kuma..."

"Ban tambaye ka zumunci ba, Malam. Ka kawo abin sana'arka?"

Safiyanu ya miƙa masa sabuwar ƙwaƙwalwa. Sannan, da yake ɗan kasuwa ne, ya tambayi abin biya.

"Yau kaza. Fara ko baƙa, rijiyar ba ta da tsirfa."

"Nan gaba fa?"

"Nan gaba kai za ka kafa doka, mu bi. Yadda ka yi wa mai saye a shagonka, haka za a yi maka a nan. Ka ƙara, a ƙara. Sharaɗi na biyu, ba ka da wani wurin zuwa sai nan."

"In na ga abin ya yi mini nauyi fa, ba zan iya neman wani mai magani ba?"

Dado ya juya ya dubi gawon nan da kayan da ke rataye a jikinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka nema."

Safiyanu ya auna maganar, ya ga shi ai mutumin kirki ne a ciniki, bai taɓa cutar kowa ba. Ya ce ya yarda. Dado ya tsaga masa babban yatsa, ya matse jinin a bayan ƙwaƙwalwar, ya baje shi siriri da gefen wuƙa har ya kai kowace kusurwa. Safiyanu ya ce mini a nan ne tsoro ya fara kama shi, domin daidai yadda gwanin gyara ke shafa farin man nan tsohon ya yi, alhali bai taɓa buɗe kwamfuta ba. Aka ce ya kusantar da bakinsa ga ƙwaƙwalwar ya kira sunayen. Ya kira Lawali. Ya dubi rijiyar. Sannan ya kira Mato. Dado ya sa abin a cikin wasaki, wato gugan fata, ya zura igiya. Igiya ta yi ta tafiya har ta ƙare. Can daga ƙasa sai aka ji wata ƙara siririya ta tashi, irin ta fanka idan an kunna kwamfuta. Da aka jawo igiyar, bakinta ya ƙone, babu wasaki.

Lawali aka fara da shi. Duk na'urar da ya taɓa sai ta yi hayaƙi. Hannunsa ya kama rawa, yana lanƙwasa ƙafafun ƙwaƙwalwa kamar wanda bai taɓa riƙe ta ba. Mutanen Belbeji suka guje shi. Ya rufe shago ya bi motar Agadas, har yau ba a san inda ya tsaya ba.

Mato kuwa zazzaɓi ya kama shi. A asibiti suka gwada maleriya, suka gwada abin da suka iya, ba su ga komai ba. Zafin a goshinsa kaɗai yake. Ƙafafunsa sanyi ƙalau. In aka ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma, nan take ya bushe. Da ya rasu, ina cikin waɗanda suka shiga wurin yi masa sutura, kuma wannan idona ne ya gani: a tsakiyar goshinsa akwai tabon ƙuna mai kusurwa huɗu, cikinsa ɗige-ɗige ƙanana a jere, layi bayan layi. Liman ya dube shi, ya dube mu, ya ja likkafani ya rufe. Muka fita da shi. Safiyanu ya yi kuka a wurin jana'izar, kuma na tabbata kukan gaskiya ne. Washegari ya ƙara kuɗin ƙwaƙwalwa.

Daga nan arziki ya zo, ba sallama. Daga Tanut har Belbeji, duk na'urar da ta mutu shagonsa za ta. Wasu samari biyu daga Damagaram sun gwada buɗe shago; ɗaya kayansa suka ƙone a cikin kwali, ɗayan ya kwana biyu ya ce ɗakin yana yi masa ƙara, ya gudu. Safiyanu ya gina gidan siminti mai bene, ya rufe samansa da allunan sola, ya sayi mota kat-kat, irin mai keta yashi. In kaya ya yi tsada a duniya, ya ƙara. In bai yi ba, ya ce ya yi, ya ƙara. Tsohuwar ƙwaƙwalwa da ya cire daga wata na'ura sai ya goge ta ya sayar a kuɗin sabuwa.

Amma abin da ya fi ƙona ran mutane shi ne ya kashe tayi. A Damargu ba a sayen ko allura a kuɗin farko. Yin haka ma raini ne ga mai kaya. Ina zaune a benci ranar da shugaban wata makarantar sakandare, wanda muke kira Mushe Ila yadda ake kiran malaman boko a nan, ya kawo kwamfutar da suke buga takardun jarrabawa da ita. Safiyanu ya faɗi kuɗi. Mushe Ila ya yi dariya irin ta mai shirin ciniki.

"Haba Alhaji, wannan ai kuɗin saniya ne. Rage wani abu."

"Yanzu ya ƙaru," in ji Safiyanu.

"Ban gane ba."

"A shagon nan wanda ya taya, ƙara masa ake yi. Sake tayawa ka gani."

"To ai sai in je wani wuri."

"Bismillah, Mushe. Ga titi nan, tsallaka."

Mushe Ila ya juya ya dubi shagon Mato a kulle. Ya biya. Safiyanu ya ji daɗin wannan doka ƙwarai, har yana maimaita labarin ga abokansa.

A can kwarin Tarka kuwa ana biye da shi sau da ƙafa. Kaza ta zama rago, rago ya zama sa, sa ya zama raƙumi. Bai damu ba, domin duk abin da aka ƙara masa yana ɗora wa masu saye. Sai wata shekara ya ja raƙuminsa har bakin rijiya, Dado ya dubi dabbar ya ce, "Koma da shi. Wannan tsohon farashi ne."

"Sabon fa?"

"An riga an ɗauka. Kai ma ai ba ka gaya wa mai saye kafin ka ƙara."

Da ya koma gida ya tarar da babban ɗansa Hamza a kwance, goshinsa kamar murhu, ƙafafunsa sanyi. An kai shi Damagaram, an dawo da gawa. Raishatu ce ta cire mayafi ta ga tabon, kuma ta san shi, domin ta gan shi a goshin yayanta. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a tsakar gida tana karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa, ta ce, "Wa ya bar fanka a kunne?" Daga ranar ta bi fankokin gidan ta karairaye su ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare ta ce har yanzu tana ji, a cikin bango take. Ta koma watsa wa bango ruwa, tana jiƙa zannuwanta tana lulluɓe tukwane da kujeru da kawunan baƙi. Maƙwabta suka daina shiga. Ba don ita ba. Sun ce in mutum ya yi shiru a tsakar gidan, shi ma yana ji.

Ƴa ɗaya ta rage musu, Ikilima, yarinya mai natsuwa wadda ke gaishe ni da ladabi in ta kawo wa ubanta abinci. Domin ita Safiyanu ya yi duk abin da ya yi daga baya. Ya karya farashi har ƙasa da yadda ya saya. Ya raba ƙwaƙwalwa kyauta. Ya je ya gaya wa Dado, tsohon ya ce, "Ka taɓa ganin farashi ya sauko a inda mai sayarwa ɗaya ne? Mun bi ka a hawa. Ba mu yi alkawarin sauka ba." Ya shiga motarsa ya zaga Damargu yana neman wani boka da zai karya abin. Ko'ina amsa iri ɗaya: wane ya mutu, wane ya haukace, wane ya bar ƙasar. A lokacin ne ya gane na su wane ne layu da burgaman da ke rataye a jikin gawo. Dado ya riga shi sanin darasin rediyo da shekaru masu yawa.

Liman ya gaya masa gaskiya: ya tuba, ya yanke ƙafa daga rijiyar, ya bar wa Allah sauran. Ya karɓa, ya riƙe na ɗan lokaci. Amma safiyar da Ikilima ta ce kanta yana zafi, ya taɓa goshinta ya janye hannu, ba masallaci ya nufa ba. Gidana ya zo, ya durƙusa, ya ba ni labarin nan duka.

"Baba Sabi'u, ka raka ni. Kai ka san yadda ake roƙon manya. Ni na shirya. In raina suke so, su ɗauka su bar mini yarinya."

Ban san abin da ya sa na shiga motar ba. A hanya na ba shi shawara ɗaya tak, wadda na koya a gaban manyan ofis: in wanda ba ka da wani sai shi ya faɗi magana, ka ce to. Ya ce ya ji.

Mun isa rana tsaka. Duk abin da ya kwatanta mini haka yake, sai dai bai gaya mini yadda ƙarar take ba. Ba ta tsaya a kunne. A haƙora nake jin ta. Na tsaya nesa kaɗan, na kasa tuna ko addu'a ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Dado ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni da sunana, wanda ba wanda ya gaya masa.

Safiyanu ya zube a gabansa. "Yarinyar nan ba ta san komai ba. Faɗi abin da za a karɓa a madadinta."

Dado ya sunkuya bakin rijiyar kamar mai sauraro, ya ɗago. "An yi maka sauƙi yau. Kai. Ka ba da kanka, yarinya ta tashi kafin ka miƙe daga nan."

Abin da ya zo nema ke nan. Na ga bakinsa ya buɗe, na ɗauka to zai ce. Amma mutumin nan tun yana yaro a kasuwa ya tashi, kuma bai taɓa karɓar kuɗin farko ba a rayuwarsa. Na yi imani bakinsa ne ya riga zuciyarsa.

"Haba Baba," ya ce, "ga gida, ga mota, ga shago. Ko ido ɗaya, ko hannu. Rage wani abu."

Ƙarar da ke cikin rijiyar ta tsaya cak. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake ji.

Dado ya ce, a hankali, "Yanzu ya ƙaru."

"A'a, na yarda. Na saya. Na saya a kuɗin farko."

"Dokarka ce, Alhaji. Mu bi muka yi."

Sai ƙarar ta dawo, ta ninka.

Ni na ja shi zuwa mota, wani makiyayi da muka tarar a hanya ya tuƙa mu. Muna shiga unguwa muka hangi mutane a ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi. Ikilima ta cika ana kiran azahar. Ban shiga wurin suturarta ba; na san abin da ke goshinta.

Safiyanu bai mutu ba, wanda ya nuna cewa rijiyar ta san abin da ya fi mutuwa tsada. Dangin Raishatu sun zo sun tafi da ita ƙauye. Gidan bene yana nan, ba mai haya, ba mai saye. Allunan sola sun tsattsage, ƙofofi sun faɗi, ko jemage bai shiga ba. Shi kuwa kullum yana zaune a ƙofar shagonsa da ke kulle, a cikin rana, tabon nan mai kusurwa huɗu yana ta fitowa a goshinsa shi ma. Duk wanda ya wuce sai ya kama masa riga, ya ce, "Na saya. Na saya a kuɗin farko." Yara ba su tsokanarsa. Sun ce in ka matsa kusa da shi, ana jin ƙara a cikin kansa.

Yau a duk Damargu ba mai gyaran kwamfuta ko ɗaya. In taka ta mutu, ka ɗauke ta zuwa Damagaram, ka biya kuɗin mota, ka biya abin da aka ce. Dado kuma yana nan a bakin rijiyarsa, da farar rigarsa.

Ku da ke kasuwa, ku ji ni da kyau. Maƙwabcin nan da ke sayar da irin kayanka, wanda kake ganin shi ya tare maka arziki, shi ne ke tsare ka daga kanka. Ranar da ka roƙi a kawar da shi, ka sani akwai wanda ya fi ka son zama shi kaɗai, kuma a shagonsa za ka ƙare, ba titin tsallakawa. Kwaɗayi ba ya ba da kyauta, kuma abin da yake karɓa ba daga aljihu yake cirewa ba, daga cikin ɗaki ne.

Kwanan baya wani mai sayar da batiran sola ya zauna kusa da ni, ya yi ta ƙorafi a kan abokan sana'arsa da ke karya masa farashi. Can ya rage murya ya ce ya ji an ce na san wata hanya a kwarin Tarka. Na miƙe. Na kama hannunsa, na tsallaka da shi titi, na tsayar da shi a gaban Safiyanu, na ce ya matsa kusa ya saurara.